Baba ya ce shi zai canza min man giya ranar Asabar

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Admin don Allah a ɗora min wannan, amma a sakaya sunana, domin akwai 'yan garinmu a nan ciki. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi na gaji, maganar man mota ce kawai amma ta hana ni sukuni.

Ni ma'aikacin lafiya ne, ina zaune a Gwarzo ina aiki a Kabo, kullum ina bisa hanya. Shekarun baya Allah ya hore min wata 'yar mota ta hannu, mai giyar otomatik, ba wata ta nunawa ba ce amma ita ce ƙafata, ita ke kai ni aiki, ita ke kai iyali asibiti, ita ke ɗauko mana hatsi daga gona. Matsalar ita ce mahaifina bakanike ne, kuma ba ƙarami ba. A zamaninsa duk wata a-kori-kura da ke jigilar dawa da wake daga Getso zuwa Kutama a garejinsa take kwana in ta yi ciwo. Mutum ne da in mota ta shigo, kafin direba ya kashe ta ya riga ya gaya masa abin da ke damunta. Amma duk ƙwarewarsa a kan giyar hannu take, mai kuloci. Da motoci masu otomatik da na'ura suka cika gari sai mutane suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa ba gaba, ana gaishe shi da girmamawa a wuce da motar wani wuri. Yaransa duk sun yi 'yanci sun watse. Yanzu in ka cire mai babur da zai tsaya aron sifana, motata ce kaɗai motar da ke shiga garejin nan. Duk da haka kullum da safe sai ya je ya buɗe, ya share, ya zauna a kan benci har azahar.

Bara da lokacin canza man giya ya yi, ban ma yi tunanin komai ba na kai masa, ai ɗan bakanike ba ya kai mota waje, abin kunya ne a gari. Baba ya aika aka auno masa jan man nan da ake sayarwa a jarka a bakin tasha, wanda ake zuba wa sitiyari, ya ce jan mai duk ɗaya ne, kwali ne kawai ake canzawa don a yaudari 'yan boko. Ya kwance farantin ƙasan giyar, ya ciro filta ya wanke ta tas da fetur ya mayar, gasket ɗin da ke hana mai yoyo da ya yage kuma ya ce ba sai an sayi sabo ba, ya shafe bakin farantin da gam. Ni ina tsaye ina miƙa masa sifana, ina jin daɗin ganinsa yana aiki yana waƙe-waƙensa. Da farko lafiya lau. Bayan wasu watanni sai motar ta fara wani hali, da safe in na saka ribas sai ta yi shiru kamar tana shawara, sannan ta zabura. In za ta canza giya sai ta yi min duka a baya. In rana ta take a hanyar Kano kuwa sai injin ya yi ta ihu motar ba ta gaba. Na gaya wa Baba, ya ce ƙafata ce, wai mu 'yan otomatik ba mu iya tuƙi ba, mota ce ke tuƙa mu.

Da abin ya ishe ni sai wani abokin aikina ya nuna min wani gareji a Kabo, ya ce mai wurin ya yi shekaru a Kano yana koyon giyar otomatik, ba shi da na biyu a yankin nan. Na je a ɓoye lokacin tashi daga aiki. Ina shiga sai na ga ashe na san shi, bari in kira shi Habu, tsohon yaron Baba ne, a gidanmu ya ci tuwo shekara da shekaru kafin ya tafi birni. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya tambayi Oga, wato Baba, ya tambayi Inna, har da akuyar da aka daɗe da yankawa sai da ya tambaya. Sannan ya zaro sandar gwada mai ya goga a farin tsumma, man ya yi duhu, yana ƙauri kamar an ƙona tuwo. Ya nuna min ashe a jikin kan sandar ma an rubuta irin man da giyar take sha, ni ban taɓa lura ba. Ya ce wannan giyar ba ta shan kowane jan mai, nata daban ne, ya fi wancan tsinkewa, kuma ba a haɗa shi da wani. Ya ce filtar irin wannan ba a wanke ta, sabuwa ake sawa, kuma kar in yarda da ta hannu, ta Beljiyam, domin ban san dattin da ta kwaso ba. Gam ɗin ma ya ce in ya yi yawa yana ɓallewa ya shiga ciki ya toshe hanyar mai. Shawararsa a saka sabuwar filta da sabon gasket, a goge faranti, a zuba man da ya dace, a yi tafiya kaɗan a sake tsiyayewa a ƙara sabo, kar a wanke giyar da inji gaba ɗaya tunda ta riga ta jigata. Ya ce yanzu akwai sauran rai a giyar, amma in aka sake zuba mata wancan man, in fara neman wata.

Na ce to Habu bismilla, a yi aikin nan kawai, ba sai kowa ya ji ba. Sai ya goge hannunsa ya ce, “Yaya, ka yi haƙuri, ba na taɓa motar gidan Oga sai da izininsa. Shi ya sa min sifana a hannu. In aka ji na kwance abin da ya ɗaure ba da saninsa ba, da wane ido zan kalle shi?” Na ce to ka zo Gwarzo ka yi masa bayani da kanka, ai kai zai fi ji. Ya ce subhanallahi, shi ya je ya ce wa Oga ya yi kuskure? Ya ce ko a mafarki. Iyakar abin da zai iya, in Oga ya kira shi da bakinsa zai zo ya kwanta a ƙarƙashin motar a matsayin yaro, Oga na tsaye yana ba da umarni. Amma sai an kira shi. Na roƙe shi har na gaji, bai motsa ba. Abin da ya yi min kawai ya rubuta min sunan man da lambar filtar, na shiga Kano na sayo su a wurin da ya amince da shi, ga su nan a but ɗin motar na rufe da buhu kamar kayan sata.

Na fara gwada Baba ta gefe. Na ce masa na ji ana cewa motocin yanzu kowacce da irin manta. Ai kuwa ranar na sha faɗa. Ya ce tun ina tsumma yake kwance giya, ya ce waya ta lalata mu, kowa ya kalli bidiyo ya zama injiniya, ya ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Daga baya kuma ya sassauta murya, wannan ya fi faɗan ciwo, ya ce in ni ma zan kai ta wani wuri kamar sauran mutane in gaya masa kawai, ba zai riƙe ni ba. Na ce a'a Baba, ni na isa? Na je wa Inna da maganar ko za ta tausasa shi, ita kuma ta rufe ni da nata. Ta ce mota ƙarfe ce, in ta mutu Allah zai ba ni wata, uba kuwa ba a sayo shi a kasuwa. Ta ce ban san halin da yake shiga ba duk ranar da ya dawo daga gareji ba wanda ya tsaya, ko abinci ba ya iya ci sosai, amma ranar da motata ta kwana a can har wanka yake yana raha. Na tashi na fito daga ɗakinta. Gaskiya ta faɗa, amma ni ma na san in giyar nan ta tafi ƙarfina bai kai in sayi wata ba, kuma abin da ya fi damuna, duk garin nan za a san a hannun wa ta mutu. Kunyar da nake guje masa ita za ta same shi, ta ma fi.

Na yi tunanin in juye man kirkin a tsohuwar jarka in kai masa a matsayin na tasha, sai na tuna Baba ba ya karɓar kaya daga hannun mai mota, shi yake sayo abinsa, ya ce bakaniken da ake kawo wa kaya lebura ne. Na yi tunanin in kai ta Kano wurin wanda bai san mu ba, amma Baba yana leƙa ƙasan motar zai ga ba gam ɗinsa ba ne, mutumin da ya san kowane noti da ya ɗaure. Gaba kura baya sayaki ke nan.

Yanzu ga inda aka kwana. Baba ya lura da kansa motar tana duka, ya ce man ne ya tsufa, ranar Asabar zai canza. Ya riga ya hau babur ya je tasha ya auno jan mansa, ya sayo sabon gam. Ya gaya wa abokan zamansa na majalisa su zo su ga yadda ake buɗe otomatik, wai masu cewa ya tsufa su zo su kalla. Inna ta wanke masa kayan aikinsa na da. Yau da safe da na je gaishe shi kafin in wuce Kabo, ya rako ni har bakin mota, abin da bai saba ba. Ya dafa ta, bai kalle ni ba, ya ce, “Ka kawo ta da wuri, idona ya fi gani da safe.” Sannan ya ce, “In akwai abin da ka sani game da motar nan wanda ban sani ba, ka gaya min.” Jama'a, man yana but, taku kaɗan daga inda yake tsaye. Na buɗe baki na ce babu komai Baba. Ya ce to alhamdulillahi, ya juya ya shiga gida a hankali. Har na isa Kabo ban san yadda na yi tuƙin ba.

Don Allah masu iyaye a raye da waɗanda suka rasa nasu, da bakanikai in kuna nan, ku gaya min. In bar shi ya zuba man nan a gaban abokansa, in zuba ido giyar ta mutu a hannunsa? Ko in koma in buɗe masa but, in roƙe shi ya kira yaron da ya koya wa aiki ya zo ya koya masa? In kuwa hakan za a yi, da wace kalma ɗa yake farawa? Asabar jibi ce.