Shingen Inna Ya Tsiro a Tsakiyar Gero

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rifkatu,

Gaisuwa da girmamawa, cikin sunan Ubangiji wanda kika koma wurinsa.

Ranar Talatar da ta wuce Mai Gari ya fita da dattawa zuwa 'yar maƙabartarmu ta Kirista. Ya ce iyakarta ita ce layin bini-da-zugun da kika dasa. Kafin wannan rana, kunya ɗaya ce ta rage garmar Malam Idi ta hau kabarinki.

Kin san farkon zancen. Gonarsa ta haɗa iyaka da mu, kuma kowace damina garmar shanunsa takan ɗan leƙo ciki. Takarda babu, shaidu sun tsufa. Sai kika fara kafa rassan bini-da-zugu a jere, tunda akuya ba ta cinsa. Ya tuge, ki sake dasawa. Mata masu wucewa kasuwar Babban Mutum suna yi miki ba'a, wai tsohuwa tana yi wa matattu lambu.

Ba ki iya karatu ba, amma akwai labari ɗaya a Littafi Mai Tsarki da kika riƙe tun daga jin sa a majami'a. Labarin mutumin da ya sake gina ganuwar Urushalima ne. Ke Mai Ganuwa kike ce masa, kamar wani ɗan unguwarmu. Kikan ba mu labarin kina surfe: yadda aka yi masa dariya, aka ce ko dila ya taka ginin zai zube; yadda aka tsorata shi; yadda aka yi ta aika masa ya sauko a zauna, ya ƙi.

Ke ma an aiko miki. Aka ce a zauna a raba wurin biyu, kowa ya huta. Kika gai da ɗan aiken, kika ba shi ruwa, kika ce, "Ka ce ina gaishe su. Ina kan gini, ba na saukowa."

Abin da ya fi yi miki ciwo daga cikin gida ya fito. Dattawan majami'a suka ce mu 'yan kaɗan ne, a bar maganar. Kika tuna musu cewa Mai Ganuwa ma mutanensa ne suka fara cewa ƙarfinsu ya ƙare.

Ni kuwa na ce zan rubuta a jarida. Kika dube ni kika ce, "Gobe da jaridarka za a ƙunshe ƙosai, ni kuma ina nan gari ɗaya da Idi." Da na kawo zancen cewa maginan nan da makami a hannu suka yi aiki, kika ce su takobi aka ba su, ke tulu aka ba ki. Da tulun kike shayar da dashen duk rani. Da shi kuma kika kai wa matar Malam Idi ruwa lokacin da ta kwanta ciwo.

Bayan rasuwarki Malam Idi ya sare shingen daidai da ƙasa, ya bi da garma, ya shuka gero. Muka yi shiru.

Inna, na karanta sharhin malamai da yawa a kan wannan labari, na kuma saba kada in yarda da abu sai na gani. Na je na gani. Da ruwa ya zauna bana, kututturan da ke binne suka yi toho. Layi ne kore, miƙaƙƙe, ya ratsa tsakiyar geron daga gindin aduwa har bakin hanya. Na san itacen yakan yi haka. Duk da sanin, sai da na bi layin da ƙafa daga farko har ƙarshe.

Sale, babban ɗan Malam Idi, shi ya fara gani yana noma. An ce ya ajiye fartanya, ya gaya wa mahaifinsa ba zai sare ba. Ya tafi wurin Liman, Liman ya ce ba a noma makwancin matattu, ko na waye. Su biyun suka je gidan Mai Gari. Babu ɗayanmu a cikin masu kai ƙarar.

Kin ga yau dai na rubuta a jaridar, amma ban faɗi sunan ƙauyen ba. Na ji maganarki, Innata.

Ubangiji ya ba ki hutu. Ya saka wa Sale da Liman da alheri, ya sanyaya zuciyar Malam Idi. Mu kuma ya hana mu saukowa.

Mai Gari ya aika da maganar wurin Hakimi. Har zuwa safiyar yau amsa ba ta dawo ba.

Ɗanki,
Ishaya