Karatun da Aka Aika Abijan

Tawa, daren Talata

Yau ɗiyata Ramatu ta karanta layi guda a littafinta na makaranta, ban sa mata baki ba. Wata biyar ina zama da ita bisa tabarma, ina bin haruffa da yatsa, har tuwona ya sha ƙonewa. Tana gamawa, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Inna, ɗauki muryata mu aika wa Baba Abijan."

Ya amso yana dariya: "Kaina kika ɗauko, ɗiyar Baba." Mutumin da ko ajinta bai sani ba. Sau shida ta saurara, ta yi barci da wayar a ƙirji.

Ina jin kunyar wannan kishi, amma ya ƙi tafiya. Gobe ma ni zan shimfiɗa tabarmar.