An Hana Ni Ganin Injin Auta

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Goggo? Ni lafiya lau nake. Ɗan batirin da likitoci suka dasa mini a ƙirji ba wani abu ba ne, numfashi ne kawai yake ɗan yi mini gardama a matakala.

Abin da ke cina shi ne 'yarka Auta, autata. Mijinta ne ke rubuta wannan, kuma na ce kada ya rage ko kalma. Ka san injin da take haɗawa, wanda ke tara wuta ya sake ta kafin ƙiftawar ido, har iskar cikin kwalba ta kama haske kamar walƙiya. Jiya na ci ado na bi ta wurin aikinsu. Muna isa ƙofar ƙarfe sai ta tare ni da hannu, wai ƙarfin wutar zai rikita batirin zuciyata.

Na ce, "Ni da na tsufa ina walda? Wa ya fara koya miki riƙe waya?"

Ta ce, "Baba, yi ta fushi. Gara fushinka da gawarka."

A gaban abokan aikinta fa. Aka ajiye ni kan benci kamar mai jiran allura. Ƙara ɗaya na ji, tas, sai tafi ya tashi a ciki.

Har yanzu ban kula ta ba, abincinta ma sai ta fita nake ci. Allah ya yi muku albarka. In 'yan garejinmu suka tambaya, ka ce musu na gani da idona.

Yayanka.