Amiru Da Ƙofar Baya

Zuwa ga Yaya Maryamu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Inna daga nan Jidda. Yaya ƙafar Inna? An gama dashen shinkafa? Ni lafiya lau. Uwar ɗakina ta karɓe wayata, shi ya sa na ba wata 'yar Bunkure mai komawa gida takardar nan. Ba komai, ina ci ina sha.

Kafin a karɓe wayar na ga bidiyon ɗana Amiru. Ya daina ɓata wando, ya ɗauki 'yar butarsa ya fita da kansa, kuna ta tafa masa. Allah ya saka miki, kin yi aikin da yake nawa ne.

Amma Yaya, ƙofar baya ya bi. Bayan dangar nan babu komai sai kanal na ruwan noman rani, inda manyan yara suke tsugunawa. Simintin bakinsa santsi gare shi, kuma masu sako ruwa daga madatsar Tiga ba sa yi wa kowa sallama. Yaron da bai cika shekara uku ba, ga shi ya gane hanya, ya kuma gane in ya tafi shi kaɗai yabonsa ake yi.

Don Allah ki saya masa fo a kasuwar Kura, ki ajiye a tsakar gida. A ɗaure ƙofar nan. In ya ƙi fo, ki ɗora shi a ƙafafunki yadda Inna ta yi mana. In ya koma ɓata wando, ki ƙyale shi, wanki ne kawai.

Ban san ranar da takardar nan za ta iske ki ba, shi kuwa kullum da safe yake fita. Allah ya tsare.

Ƙanwarki,
Sauda