Gaisuwar da Ba Ta Isa ga Mushe Yaro Ba

Yaya Mahmudu,

Ina gaisuwa. Yaya Inna da mutanen Kore Mairuwa? Ni lahiya lau nake a Abijan, dako ne dai ke taɓa gwiwata, amma da sauƙi.

Jiya Idris, golanmu na koleji, ya yi mini ta'aziyyar Mushe Yaro, wanda ya koya mana ƙwallo. Ashe tun damina ya rasu. Mushe ne fa ya goya ni har likita ranar da na karye.

Yaya, duk wayar da muka yi ina cewa ka gaishe shi, kana ce mini, "Yana amsawa." Wa ke amsawar?

Don Allah ka gaya wa matarsa ban sani ba ne, ba mantawa na yi ba. Allah shi jiƙan shi.

Ƙanenka,
Abdul'aziz