Ranar da Baba Ya Tambaye Ni Wa Nake Nema

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, gwiwar kuma ta yi sauƙi.

Gwaggo, ƙanenki zai zautar da ni. Lokacin da ya bar mini ofishinsa na lauya ya shiga siyasa, na ce to. Da ya gama wa'adinsa a majalisa ya ƙi sake tsayawa takara, wai shi wasan kwaikwayo zai riƙa rubutawa yana kuma fitowa a ciki, na haɗiye. Har alƙalai suna tsokanata a kotu, duk na jure.

Amma jiya na kai masa shayi falo, na tarar da shi zaune cikin tsohuwar baƙar rigarsa ta kotu. Ya ɗago ya ce, "Malama, wa kike nema?" Na yi dariya, shi bai yi ba. Na ce, "Baba, ni ce fa." Ya ce, "Zauna, sakatare zai zo ya ji ƙorafinki." Sakataren nan ya rasu tun ina makaranta.

Na fita ina kuka, sai direbansa ya ce in kwantar da hankalina, ai sabon wasan da ya rubuta ke nan: tsohon lauya da mantuwa ta kama har ya daina gane 'yarsa. Da na koma kuwa, Baba ya tambaye ni yadda shari'ar da nake yi ta kaya, har da gyara mini kuskure.

Ban san abin yi ba. Idan ciwo ne, dole in kai shi wurin likita, in hana shi hawa dandamali kafin ya kunyata a gaban mutanen da ya wakilta. Idan kuma wasa ne na kai shi, ba zai yafe mini ba. Ki ba ni shawara.

Taki,
Ƙaramar Lauya

*

'Yata Ƙaramar Lauya,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan, mun saba da juna.

Na yi dariya har da tari. Ke da kika tashi a gidan nan ba ki san halin Mai Gashin Doki ba, kamar yadda nake tsokanarsa saboda hularsa ta kotu? Ubanki bai taɓa yin abu a waje ba sai ya fara gwada shi a kan mutanen gida, kuma ba ya sanarwa. Yana karatun lauya ya tsare ni da tambayoyi a kan wani cokali da ya ɓata, har na amsa ni na ɗauka, alhali yana aljihunsa. Da zai shiga takara, uwarki, Allah ya jiƙanta, ita ta sha jawabi. Tana wanke-wanke yana yi mata alkawarin ruwan famfo.

Yanzu layi ya zo kanki, shi ke nan. Kada ki kira likita. Je ki wurin da suke gwaji ki gani da idonki, hankalinki zai kwanta. Ki ce masa ina gaishe shi, in ya ga damar tuna yana da yaya.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na je, kuma da ma ban je ba.

Zauren wani tsohon ɗakin taro ne, kujerun roba da fanka mai ƙara. Na zauna a baya. Gwaggo, ya iya. Na manta ubana nake kallo. A wani wuri lauyan yana neman tabaransa, sai aka same shi a cikin firji, 'yan wasa suka yi ta dariya. Ni ban yi dariya ba, domin a makon jiya ni na ciro tabaran Baba daga firjinmu. To wanne ya riga wanne? Ya manta shi a can ne sannan ya rubuta, ko ya rubuta ne sannan ya gwada a gida?

Ƙarshen ne ya fi rikita ni. An ce mini lauyan zai gane 'yarsa ya ce, "'Yata, kin zo?" sai a ja labule. Yarinyar da ke fitowa a 'yar ta durƙusa a gabansa tana kuka. Baba ya dube ta, sannan ya juya wurin darakta ya ce, "Wace ce wannan? Wa ya taɓa ta?" Darakta ya miƙe yana tafi, wai wannan ya fi, a bar shi haka. Baba ya dubi masu tafin kamar bai san dalili ba, daga baya ya rusuna musu.

A mota ya yi ta hira lafiya lau, na kasa tambayarsa. Ni da nake titsiye shaidu a kotu.

Taki,
Ƙaramar Lauya

*

'Yata,

Na karɓi saƙonki, kuma wannan karon ban yi dariya ba.

Maganar nan da ya yi, "Wa ya taɓa ta?", na taɓa jin ta. Kakanki ne ya faɗa, a kaina, ina durƙushe a gabansa ina kuka. Ubanki yana tsaye a bakin ƙofa, lokacin yana saurayi. Mantuwa ce ta kama Babanmu har ya rasu, mun ɓoye muku don kada ku tsorata.

Don haka ni ma na rasa gane ko uban namu yake kwaikwaya, ko hanyarsa ya kama. Na janye shawarata ta farko, ba ni kuma da wata. Idan bakinki ya kasa, rubuta masa ki sa a aljihun baƙar rigar nan. Ba ya kwana bai taɓa ta ba.

Allah ya rufa asiri.
Gwaggonki

*

Baba,

Ina gaisuwa da girmamawa. Tambaya ɗaya gare ni, kuma don Allah a amsa kamar an rantse: wasa ne ko gaske? Ina jin tsoro.

'Yarka

*

'Yata,

Allah ya yi miki albarka. Tunda kin sa ni a akwatin shaida, zan faɗi abin da na sani.

Na shayi wasa ne, ki yafe mini. Na tabarau ban tabbata ba. Na zaure kuwa ban rubuta shi ba, kuma ban tuna na faɗa ba, darakta ne ya gaya mini.

Ki bar ni in yi wasan nan sau ɗaya a gaban jama'a. Washegari ki zo ki kai ni wurin likita, da kanki, ban da direba. Da kin shigo, ki fara faɗa mini ko ke wace ce. Idan na yi dariya, ki ja mini kunne. Idan ban yi ba, ki riƙe hannuna.

Babanki