Motar Inna Ta Fi Ƙofa Tsawo

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya jikin Inna, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Edmonton lafiya lau.

Motar hawan dutsen da zan turo don kai Inna asibiti, na gama ɗaga ta. Ni da maƙwabcina Murat, wani bakanike Baturke, muka sa mata dogayen sifirin da shokozoba masu laushi, yadda duwatsun hanyar ƙauyenmu ba za su daki cikin motar ba. Sai da muka ɗaure komai muka ga ta fi ƙofar garejin tsawo. Murat ya ce mu kwance. Na ce, "Oga, ba ka san lodin motar kasuwa ba." Na rage iskar tayoyi, na ɗebo mutum bakwai daga masallaci, duk masu tumbi. Suna zama ta durƙusa, ta fita ko ƙwarzane babu.

Ranar Asabar za mu gwada ta a kan duwatsu, har na kama mana wuri a filin gwaji. Inna ta sa mu a addu'a, ka gaida Kawu Bala. Kuma kafin motar ta hau jirgin ruwa, don Allah ka auna mini ƙofar gidanmu.

Ƙaninka,
Habu